Zabuwar da Ba Ki Bayar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Afrilu 1960, bayan ƙaramar salla, Allah Ya karɓi ran yayata Ajara, mai kiwon zabi a unguwar Aboabo. Tun ranar zuciyata ba ta sami wurin zama ba.

Yaya, kowa a Tamale ya san baƙo ba ya fita gidanki hannu rabbana. Ko gaisuwa mutum ya shigo yi, sai kin ɗaure ƙafar zabuwa kin rataya masa. Har tsokanarki muke yi, wai da gangan mutane ke ɓatan hanya su faɗo gidanki.

Sai shekarar 'yancin kai, shekara uku da suka wuce, da annoba ta faɗa wa kaji. Ke kika lura cewa ta biyo saukar agwagin daji a tafkin bayan gari, inda kajin unguwa ke shan ruwa. Kika ce ciwon nan ba ya dawowa da fuska ɗaya: bara mura ce, bana kaza na tsaye sai ta kife. Maƙwabta suka yi ta rige-rigen kai nasu kasuwa tun suna numfashi, ga biki, ga masu saye. Ke kuwa kika rufe akurki.

A cikin wannan hali surukinki Fuseini, uban mijin 'yarki Salimatu, ya zo gaisuwa daga Dungu da mutanensa. Ya ga lafiyayyun zabi suna kiwo a tsakar gida, amma kika sallame su ba ko ɗaya. Kika ce, "Baba, ku yi haƙuri. Mai lafiyar ma na iya ɗauke da shi. Ba zan rataya muku mutuwa ku kai gida ba."

Ba su yarda ba. Aka ce rowa ce, aka ce raini ne. Salimatu ta sha gori a gidan miji, har zamanta ya so ya gagara. Na ga kin yi kuka, amma ba ki aika da zabuwar ba. Kafin damina naki suka ƙare kaf, kika haƙa rami kika binne su da hannunki. Dukiyarki ba ta sake dawowa ba.

Ranar sadakar uku sai ga Fuseini, yana dogara sanda, an biyo shi da kwando cike da zabi. Ya ajiye a ƙofar ɗakinki ya ce da irin Hausarsa, "Duk gidan da aka kai kyautar kaza a shekaran nan, akurki ya mutu. Namu ya tsira. Wannan zabin Mma Ajara ne, na kawo ma shi kayan shi."

Ya zo, Yaya, sai dai bai same ki ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga Salimatu, da 'yan'uwa na Aboabo da Dungu, Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Amin.

Ƙanenki, Imoru.