Kawun da Ya Murɗa Ƙarfen Cinyata

Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ranka, Kawu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A zaman makoki na ji ana ta yabonka, kuma ba ƙarya aka yi ba. Kai ka riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Kai ka lura ƙafata ta hagu ta gaza ta dama tsawo, ka ce ɗan ƙanwarka ba zai girma yana ɗingishi ba. Har goya ni ka yi a matakalar asibiti.

Amma ni ma ina da abin faɗa.

Likita ya yanke ƙashin cinyata, ya ɗaura mini ƙarfe ta waje, ya nuna maka notin da za a riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan kullum, don sabon ƙashi ya tsiro a tsakani. Ya ja kunnenka sosai. Kai kuwa makaniki ne, ba ka yarda wani ya fi ka sanin noti ba. Muna isa gida ka ɗauko sifanarka ta gareji. "Wannan ai tafiyar hawainiya ce," ka ce da Inna, mahaifiyata. "Ni zan gama masa kafin a koma makaranta."

Ka riƙa murɗa notin fiye da yadda likita ya ce, ina ihu, kana cewa namiji ba ya kuka. Jijiya ta lalace, ƙafar ta saki, ƙashin ya ƙi haɗuwa. Da likita ya tambayi wanda ya yi ɓarnar, ka dube shi ido cikin ido ka ce yaron ne ke wasa da ƙarfen. Inna ta sunkuyar da kai, don a gidanka muke kwana. Wannan ƙaryar ta fi sifanar yi mini ciwo.

Har yau jan ƙafar nake yi. Na girma ina jiran ka kira ni gefe ka ce ka yi kuskure, ka tafi ba ka ce ba.

Jiya matarka ta riƙe hannuna tana hawaye. "Ɗana, ka yafe masa. Yanzu ne yake buƙata."

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya ba matarka da 'ya'yanka da Inna haƙurin rashinka. Wannan addu'ar da zuciya ɗaya na yi ta. Yafewar kuwa, Allah ya sani, bakina bai iya furta ta ba tukuna.