Kujera Sittin a Kan Takarda

Ba Kalli, wato Baba Kalli da Barbarci, ƙanen kakarmu ta wajen uwa, manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu kamar yadda ubansa ya kasance. Da noman kaɗai ya riƙe, ba wanda zai san sunansa bayan unguwarsu a Difa. To a shekarar 1994 tattasai ya yi albarka, ya tsallaka Damasak da buhunansa, ya komo da tele, wato talabijin, da bidiyo da ƙaramin injin wuta wanda a nan ake ce wa gurup. Matarsa Ya Kaltumi ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Ga yadda yake aikinsa. In girbi ya kama, sai ya bar wa ƙannensa gona, ya ɗora kayan a amalanken shanu, ya bi gaɓar kogi ƙauye ƙauye, har Barwa, har Yebi, can wajen Boso. Inda duk ya sauka, Bulama, mai garin, zai fara gaishewa, ya roƙi filin shanya. Da la'asar sakaliya mata su share tattasai gefe guda, a kafa zana a zagaye, a kifa turmi a aza tele. Jama'a su zo da tabarminsu, maza nan, mata can. Shi kuwa ya tsaya gefen tele da karan dawa a hannu yana ba su labarin fim ɗin da Barbarci. Bai san kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Yakan kalli kaset sau uku shi kaɗai, ya gane wa ke son wa, wa ya cuci wa, sauran ya cike da bakinsa. Ƙurar tattasai na sa mutane atishawa, in an kai wurin kuka ba ka bambance hawayen tausayi da na yaji.

Shekara biyar yana haka ba wanda ya tambaye shi takarda.

Ranar wata Talata, saura mako uku ya fita yawon bana, aka aiko masa da ambulan daga gidan waya. Ya kai wa Alhaji Zakariya'u, Badamagare mai kanti a bakin kasuwa, wanda wurinsa yake sayen man gurup, don shi Alhaji ya yi lakkol, wato boko, har aji shida. Alhaji ya sa madubin ido ya karanta a hankali, yana juya Faransancin zuwa Hausa. Ƙungiyar masu gidajen silima da gidajen kallo ce ke kiran babban taro a Damagaram. Duk wanda ya je za a ba shi katin sana'a. Daga watan Janairu kuma, wanda aka kama yana nuna fim ba kati, a ɗauke kayansa.

"A ɗauke su kai ina?" in ji Kalli.

"Ba su faɗa ba. Kai dai ka san abin da aka ɗauke ba ya komowa da ƙafarshi."

A bayan wasiƙar akwai wata takarda mai gurabe uku da za a cike: sunan sal, wato zauren kallo, da inda yake, da yawan kujerunsa. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa wurin da bai kai kujera hamsin ba, ba a lissafa shi sal.

Kalli ya sake duban takardar. Kujera ɗaya ce a gidansa, ta roba, ita ma ta baƙi ce.

"Babarbare, kar ka tada hankalinka," Alhaji ya ce. "Wa zai baro Damagaram ya sha wannan hanya don ya ƙidaya kujerunka? Ga sitona nan baya, mu ce shi ne sal ɗin."

"Alhaji, buhunan shinkafa ne a ciki."

"Su ma ai zaune suke."

Kafin Kalli ya sami abin cewa, Alhaji ya rubuta: Sal Zakariya'u, bakin kasuwa, Difa. A gurbi na uku ya sa sittin, wai hamsin cif za ta yi kama da shiri.

Da Kalli ya gaya wa Ya Kaltumi, tana tsintar tsakuwa a shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

"Malam, kai da in ka yi ƙarya kunnenka ke rawa?"

"Ba ni na rubuta ba."

"Amma a aljihunka take."

Gaskiyarta. Takardar na aljihunsa tun daga tashar Difa, ta Maine, ta Gudumariya, ta Gure, motar na faɗawa rami tana fita, shi kuma hannunsa na kan ƙirji. Duk shingen da aka tsaida su sai ya ji kamar ita za a ce ya fiddo. Bai ci komai ba sai dabino uku.

Da safe ya isa wurin taron cikin babbar rigarsa ta sallah. A harabar 'yan kasuwa sun baza haja: kaset na Indiya da na Kano, fitilun majigi, da wani sabon faifai mai walƙiya da ake ce wa sidi, mutane na ɗaga shi sama suna duba fuskarsu. A bakin ƙofa sakataren ƙungiya, Mushe Mudassir (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci), wani siriri mai alƙalami uku a aljihu, ya karɓi takardarsa, ya duba, ya ce, "Difa. Madalla. Kai kaɗai ne daga can."

Da Kalli ya shiga ya zauna, sai ya kama abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa: ƙidayar kujeru. Layi guda goma sha biyu. Layi biyar ke nan sittin. Ya bi layi biyar ɗin da ido daga bango zuwa bango, ya ga filin da suka ci. Sai ya tuna siton Alhaji, wanda in mutum huɗu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a juya buhu. 

Wani tsoho fari mai gemu da ke gefensa ya dubi tsagen fuskarsa ya yi murmushi.

"A'a, wa ya sako mini bawana har nan? Ka gaida ubangijinka mana."

Kalli ya dube shi, ya gane Bafillace ne, taubashinsa ke nan, ko ba su taɓa haɗuwa ba.

"Yaushe aka fara barin Fulani su shiga inuwa? Wa ka bar wa shanun?"

"Na bar wa ƙanenka." Tsohon ya miƙa masa hannu. Sunansa Malam Buba. Ya yi shekara ashirin yana jan majigi a motar gwamnati tun Kalli na yaro, yanzu yana da ɗan gidan kallo a Tanut.

Aka buɗe taro da addu'a. Masu manyan silima na Yamai da Maraɗi suka yi ta magana, rabi Faransanci rabi Hausa, duk kuka ɗaya: kasuwa ta mutu, kowane lungu an kafa tele, dole a tsabtace sana'a. Malam Buba na raɗa masa ma'anar abin da ya wuce shi. Aka karanta dokoki ɗaya bayan ɗaya ana ɗaga hannu. Doka ta tara ta ce duk wanda aka samu ya faɗi abin da ba shi ne ba a takardarsa, ba shi ba kati har abada, kayansa kuma a ɗauke. Hannuwa suka tashi. Kalli ma ya ga nasa a sama, bai san lokacin da ya ɗaga ba.

Dab da azahar Mushe Mudassir ya miƙe da jerin sunaye. Ya ce kwamiti zai zagaya ƙasa ya duba kowane sal da idonsa kafin a raba kati, kuma don kar a ce an manta da na nesa, daga Difa za a fara, farkon wata mai kamawa. Tunda Sal Zakariya'u ne kaɗai a jihar, shi ne zai sauki baƙi, mai shi kuma ya zama wakilin ƙungiya a can. Aka yi tafi. Wani na baya ya dafa kafaɗarsa yana yi masa barka.

Aka tashi salla da cin abinci. Kalli ya yi alwala sau biyu don ya manta ko ya wanke ƙafar hagu. Aka ajiye masa shinkafa da nama, ya zauna yana kallonta. A ransa yana ta lissafin gidajen da zai iya aron kujeru: na masu haya don biki, bencinan makarantar unguwa. To ko ya tara sittin, a ina zai jera su? Ya yi tunanin ya sulale ya tafi tasha, sai ya tuna sunan Alhaji ne a takardar, ƙofar Alhaji za a ƙwanƙwasa. Ya ga gurup ɗinsa a bayan wata mota ana tafiya da shi, ya ga kansa yana gaya wa Bulaman Barwa bana babu kallo.

"Bawana, ba ka ci ba," in ji Malam Buba. "Ko sai an barbaɗa maka kanwa?"

Kalli bai rama ba. Tsohon ya dube shi da kyau, ya ajiye cokali.

"Kujera nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"A sal ɗin?"

"A gida."

Malam Buba ya ture kwanonsa gefe. Sa'an nan ya ce, "In sun gano a Difa, doka ta tara ce. In kai ka faɗa a nan, ban san ko ta nawa ba ce. Ni dai ina kusa."

Da aka koma, Kalli ya ɗaga hannu kafin zuciyarsa ta hana shi. Aka miƙo masa makirfo. Shi da ke tsayawa gaban mutum ɗari biyu yana magana da muryar sarki da ta ɓarawo, sai ga Hausa tana neman gagararsa. Hausarsa ta kasuwa ce, in ya firgita kuma Barbarci ke hawa kanta.

"Jama'a, ku yi hakuri. Takarda nan ba gaskiya. Ni ba sal. Ni ba na saya wuri daya."

"Mi za ka saya?" wani ya jefo daga baya. Zauren ya ɗauki dariya.

"Tsayawa yake nufi," in ji Malam Buba daga zaune. "Ku bar shi, harshen bai nuna ba."

Da dariyar ta lafa, Kalli ya ci gaba. Ya faɗi komai: amalanke, zana, turmi, filin shanya, mutanen Yebi da ba su taɓa ganin wutar lantarki ba sai tasa. Ya ce sittin ɗin abokinsa ya rubuta don ya taimake shi, amma shi ya ɗauko ta da hannunsa, laifin nasa ne, kar a taɓa mai kanti. Ya tsaya bai san yadda zai rufe ba, ya ce, "Shi ke nan," ya zauna da makirfo a hannu har sai da aka zo aka karɓa.

Wani Alhaji mai silima daga Yamai ya ce ga irinsu nan, su ne suka kashe sana'ar, doka kuma yanzu aka ɗaga mata hannu, har da shi mai laifin.

Malam Buba ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Alhaji, fim ɗin da ka fara gani a duniya, a kan mi ka zauna? Ni na nuna maka shi ko wani irina, kuma a ƙasa ka zauna. Dokar ta ce wanda aka samu. Wannan ba a same shi ba, shi ya kawo kanshi. Kuma bawana ne, kayanshi nawa ne, wanda zai ɗauka sai ya biyo ta kaina."

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi gunaguni. Shugabanni suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, Kalli na kallon bakinsu. Ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa jin minti biyar masu tsawon waɗannan ba.

Mushe Mudassir ne ya faɗi hukunci. Ba za a ba shi kati ba, don kati na masu sal ne. Ba za a ɗauke kayansa ba. Za a ba shi resefise, takardar wucin gadi ta wata shida, ya riƙa zuwa Damagaram ana sabunta masa, kafin babban taro na gaba ya duba maganar masu yawo. Zancen wakilci da saukar baƙi kuwa an janye. Ya ja layi biyu a kan sittin ɗin, ya buga hatimi.

Kalli ya sa Malam Buba ya karanta masa ranar ƙarewar sau biyu.

Ya fita yawonsa na wannan shekara a kan lokaci. Alhaji Zakariya'u ya yi fushin mako guda, wai an mai da shi maƙaryaci a garinsu, daga baya ya huce. Babban taro na gaba dai, iyakar sanin gidanmu, ba a yi shi ba. Duk wata shida Ba Kalli zai sa babbar riga ya hau mota, kuma tun saura kwana goma abinci ke fita ransa, yana cewa wannan karon za su ce a'a. Ofishin ƙungiya ya tashi daga bene ya koma ɗaki guda, daga nan ya koma teburi a shagon ɗinkin ƙanen Mushe Mudassir.

Zuwansa na goma sha huɗu, a 2006, lokacin sidi ya shiga ƙauyuka har masu zuwa kallonsa sun ragu, Mushe Mudassir ya daɗe yana neman hatimin a cikin akwatin zare. Da ya samo shi ya ce, "Ba Kalli, ka san kai kaɗai ka rage kana zuwa? Masu katin ma ba wanda ya sake tambayarsu."

Kalli ya tura masa takardar.

"Buga dai, Mushe. Hanyar Boso da nisa, ban san wanda zan tarar a shinge ba."