Ranar da Ƙanƙara Ta Ƙona Mini Hannu

Wata Laraba ce a watan Afrilu, shekarar da nake aji uku a firamare, Malam ya sallame mu tun kafin azahar saboda wata yarinya ta suma a kan benci. Rufin ajinmu kwano ne tsirara, babu silin, zafin kuwa ya sauko mana kamar an kifa mana tukunya a ka. Na kamo hanyar gidanmu da ke can bayan garin Kontagora, takalmin roba yana ƙona mini tafin ƙafa, ina gudu daga wannan inuwa zuwa waccan. A gida na tarar Mama tana yayyafa ruwa a tsakar gida, ƙasa tana shanye shi nan take. Ruwan randa ma ya yi ɗumi. Kaka, mahaifiyar Baba, tana kwance a tabarma da jiƙaƙƙen zane a ƙirji, tana cewa, "Yau ko kaza ba ta da bakin kuka." Ƙanena Audu, wanda bai shiga makaranta ba tukuna, ya kora awakinmu bayan gonar dawa, inda 'yar ciyawa ta rage.

Wajen la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, sai muka ji ƙara a kan kwano kamar ana jifan mu da tsakuwa. Na leƙo don in ga yaran da ke wannan rashin kunya, sai na ga fararen duwatsu suna tsalle a tsakar gida. Na ɗauki guda na dunƙule a hannu. Ban daɗe ba na ji ta ƙona ni, na yar, na kwarma ihu ina cewa wuta ce. Kaka ta ce, "Ke, ƙanƙara ce!" Ni kuwa ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake sayarwa a kasuwa, a naɗe cikin buhu don kada rana ta gan ta. To yaya aka yi ta fito daga sama, inda ranar take zaune? Kuma in sanyi gare ta, me ya sa ta ƙona ni?

Ina cikin wannan ne Mama ta dafa ƙirji ta ce, "Ina Audu?" Ta kifa kwarya a kanta, na kifa faranti a nawa, muka fita da gudu. A gindin ɗorawa muka same shi a tsugune, ya rungume ɗan akuya, ya rufe ido gam, goshinsa ya yi ƙulu, haƙoransa suna haɗuwa. Da muka shigo da shi, Kaka ta hura wuta a ɗakinta. Wutar ɗaki a wurinmu ta watan Disamba ce, lokacin da faso ke tsaga mana dunduniya, muna ɓuya kada a yi mana wanka, Kaka tana mulke mu da man kaɗanya har mu yi ƙyalli. Ga shi yau, a ranar da aka sallame mu saboda zafi, muna miƙa hannu muna jin ɗumi. Na zauna ina kallon wutar, na kasa gane wane wata muke ciki.

Washegari rana ta fito kamar babu abin da ya faru, amma Audu bai tashi ba. Jikinsa ya yi zafi har ba a iya barin hannu a goshinsa, shi kuwa yana rawar ɗari yana kuka, "Sanyi, Mama, sanyi." Kaka, wadda Hausarta ke juyewa Kambarci, yarenta na gado, idan ta tsorata, ta ce sanyin ƙanƙara ne ya shige shi, in ɗauko bargo. Na ɗauko. Mama ta yaye bargon ta ce in kawo ruwa da tsumma, jikin yaro na ci da wuta. Na kawo. Kaka ta ce za a kashe mata jika da ruwa, Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, Kaka, ki taɓa shi ki ji." Haka na yini tsakanin bargo da kwanon ruwa, ina tsoron wanda na miƙa shi ne zai ƙarasa shi. Da na gaji na tambaya, "Wai zafi yake ji ko sanyi?" Mama ta dube ni da jajayen ido ta ce, "Duka biyun." Wannan amsa ta fi komai ba ni tsoro.

Da yamma Baba ya dawo daga Salka, inda ya kai hatsi ya kwana. Bai ko sha ruwa ba, ya ɗora Mama da Audu a mashin sai asibiti. Can aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ƙanƙara babu ruwanta. Aka yi masa allurai, bayan 'yan kwanaki ya dawo a rame yana neman kunu. Da na tambaye shi yadda ya ga ƙanƙarar, ya ce shi bai ga komai ba, idonsa a rufe yake. Kaka kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda da maganar sauro ba, kuma da hadari ya haɗu sai ta aika a kira mata Audu.

Yanzu waya ce ke gaya wa 'ya'yana yadda garin zai kasance gobe, kuma idan akwai wuta sai su buɗe firji su ɗebi ƙanƙara ba tare da sun dube ta ba. In jikin ɗayansu ya yi zafi na san abin yi, ba na tambayar kowa. Amma duk sanda na jiƙa tsumma yaro yana kukan sanyi, hannuna yakan ɗan tsaya, in ji ina son wani ya yi mini gardama. Ashe samun manya biyu suna jayayya a kanka ma gata ne.