Ruwan da Ya Sauka Ɗakin Inna

Laifina ne, gara in faɗa tun farko. Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni gidan Alhaji Mamane ba, nan Matameye, wata biyu bayan na sa masa karo, wato tayil, a makewayin bene.

Aikin ya zo a ƙarshen rani. Karo shi kaɗai ba ya tsare ruwa, ta tsakaninsa yake bi, sai an sa wani abu a ƙarƙashi. Alhaji ya kawo iri biyu daga Kano: allon soso mai tauri da ake kafawa da ƙusa, da leda mai kauri da ake liƙawa da kol, wato gam. Ya ce, "Lawali, kai ka yi cirani, ka ga gari. Wanne za mu sa?"

Leda na sani, amma tana son bango sumul, kuma tana cin kwanaki. Allo kuwa sau ɗaya na ga ana sa shi, ina gefe ina miƙa kaya. Sai dai hadari ya fara haɗuwa, gonata ta Kurni ko shara ban yi ba. Na ce allo, na ce na iya.

Ƙa'idarsa, kowane kan ƙusa da kowace mahaɗa sai an rufe da ƙyalle da kol, sannan a toshe magudana, a tara ruwa ya kwana, a gani ko zai ragu. Ƙyallen ya ƙare, saura kusurwa biyu. Ran nan aka yi ruwan shuka. Na shafe kusurwoyin da siminti, na jera karo, ban tara ruwa ba, na tafi gona.

Ƙarƙashin makewayin nan ɗakin Inna ne, mahaifiyar Alhaji. Ranar da aka kira ni, ta yi alwala, ta taɓa makunnin fitila, kuran, wato wutar lantarki, ya jefar da ita. Na tarar an dawo da ita daga likita, tana kwance a rumfa. A ɗakin, ruwa na bin waya yana ɗiga.

Alhaji na ta faɗa da Issufu mai aikin famfo. "Bututunka ne ke yoyo, tsohuwata za ka kashe mini?" Issufu na rantsuwa. Alhaji ya juyo, "Ko ba haka ba, Lawali?" Na ce, "Yana yiwuwa."

Kwana uku abinci bai shiga bakina ba. Ran Juma'a na ji Issufu ya canza bututu, za a mai da kuran, a mai da Inna ɗakinta. Na san ruwan yana nan. Na ruga na tsaya gaban konta, mitar wuta, na ce kada a kunna. Na hau bene, na fasa kusurwa ɗaya da guduma a gaban Alhaji da Issufu, simintin ya fito jiƙe sharkaf.

Ku da kuke koyon aikin nan, allo da leda duk suna tsare ruwa. Ku zaɓi wanda hannunku ya sani, ku tambayi wa ke kwana a ƙasa.

Da Alhaji ya ga simintin, sai ya nuna mini rumfa. Na kira Issufu, na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, ni na jefar da ke, ba shi ba. Na ce na iya, alhali ban iya ba, kuma na yi shiru ana zaginsa. Ku yafe mini, ke da shi."