Ƙafar Baba A-Tura

Duk tashar nan babu wanda ya san sunansa na yanka. Baba A-Tura kawai ake ce masa, kuma ba sharri aka yi masa ba, da bakinsa ya jawo wa kansa. Hanyar da yake lodi akwai wani hawa a tsakiyarta, dogo, mai lanƙwasa. Kullum motarsa ta kai rabin hawan nan sai ta yi tari, ta yi kakari, ta tsaya cak. Shi kuma ya ja hanbirki, ya juyo da murmushin mai neman alfarma:

"Bayin Allah, maza a ɗan sauka a tura."

Mutumin nan fa ba ɗan koyo ba ne. Daga wankin mota ya fara, ya yi kwandasta, ya ja motocin mutane har furfura ta soma leƙo masa kafin ya mallaki tasa. Ita ma lokacin da ya saye ta ba yarinya ba ce. A kanta ya ciyar da gida, a kanta 'ya'yansa suka yi makaranta. Kujerun matarsa ce ta ɗinke masu riga. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta da gwiwa, gilashin gefensa kuwa da sifana ake tokare shi. Bodi garau, ƙarfen da ne. Injin ne ya gaji. An yi masa ringi, an sake yi, har bakanike ya ce babu sauran abin da za a yi wa ringin.

Sai Baba ya koyi dabara. Tun daga gidan mai da ke gindin hawan zai take totur har ƙasa, ya manne ƙafa, ya sunkuya kan sitiyari kamar shi ma turawa yake. Shekara da shekaru a haka. Ƙafarsa ta dama abu biyu kaɗai ta sani, ko tana sama ko tana ƙasa.

Abin ya ƙare ne ranar da wani fasinja mai fararen kaya ya tsaya daidai bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, yana turi. Motar ta yi atishawa, mutum ya koma baƙi ƙirin tun daga ƙirji har gwiwa, wani kuma ya ɗauka a waya. Kafin la'asar kowa ya gani. Ciyaman ɗin tasha ya kira Baba ofis, ya ma tashi ya ba shi kujerarsa, abin da ya sa Baba ya san ba alheri.

"Baba, kai uba ne a wurinmu. Amma mutane sun fara cewa tasharmu ta 'yan turi ce. Zuwa ƙarshen wata, ko motar nan ta hau da ƙafarta, ko ka bar layi."

Barin layi a shekarunsa ba canjin aiki ba ne. Zaman benci ne a ƙofar gida, kana gaida masu wucewa.

'Ya'ya suka ce a sayar wa 'yan gwangwani. Baba ya ce a sayar da shi tukuna. Da suka ga ba zai tanƙwaru ba suka haɗa masa kuɗi suka ce to ya je ya yi abin da zai yi. Ya wuce garejin ɗan kawunsa, abokin wasansa, wanda kowa ke kira Oga Baƙin-Mai saboda ba a taɓa ganin ainihin launin rigarsa ba.

"Ka kawo gawar?" in ji Baƙin-Mai.

"Gawar ta fi ka ƙwari, tsoho kawai."

Baƙin-Mai ya ja shi bayan gareji ya yaye wani tamfol. Inji ne mai silinda shida, na wata ƙatuwar mota da katanga ta faɗo wa ta baya. Baba ya zagaya shi, ya leƙa cikin bonet ɗin tasa motar, ya sake kallonsa.

"Wannan ba zai shiga ba."

"Kai ma da cikin nan naka kana shiga wandonka."

Bai shiga ɗin ba kuwa. Aka rataye shi da sarƙa, aka sauke, ya tokare. Aka ɗaga. Mai walda ya yanke ƙafafun da tsohon injin ke zama a kai ya ƙera sababbi. Aka tura lagireto gaba, batir ya yi ƙaura zuwa but, aka rage tsawon farfela, aka sauya birki gaba da baya, don Baƙin-Mai ya rantse ba zai ba mota ƙarfin gudu ya hana ta ƙarfin tsayawa ba. Baba yana nan kullum tun safe, yana miƙa sifanar da ba a tambaye shi ba.

Ranar da aka tayar, gareji ya yi tsit. Babu tari, babu hayaƙi, sai wani gurnani a ƙasa-ƙasa da kake ji a tafin ƙafarka. Baba ya shiga ya yi bismillah, ya sa giya, sannan ƙafarsa ta yi abin da ta saba.

Wallahi motar tsalle ta yi. Ta kwashe langalangar da aka kewaye gareji da ita, ta tsallaka kwata, ta je ta tsoma hanci a bahon ruwan mai facin taya da ke tsallaken titi. Mai faci yana kan bishiya, shi kansa bai san yadda ya hau ba. Allah ya tsare, fitila ɗaya ce ta fashe.

Baƙin-Mai ya iso yana riƙe da ciki. "Mota dai ta warke. Direban ne ba mu da kayan gyaransa."

Baba bai rama ba, kuma a nan kowa ya gane abin ya taɓa shi. Ya zauna riƙe da sitiyari. Mutumin da ya koya wa rabin direbobin tasha tuƙi, yau ga shi yana tsoron motarsa, ga wata ya kusa ƙarewa.

A gida ya ce wa matarsa ya haƙura. Maman yara tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ka haƙura ka zauna min a gida kana ƙirga min cokula? Ba da ni ba. Ɗauko makulli."

Ta cika kwanon sha da ruwa fal, ta shiga gaba ta ɗora a cinya. Suka tafi filin ƙwallo da ke bayan unguwa.

"Cire takalmin nan. Da babban yatsa za ka taɓa totur. Ka jiƙa min zani, kai za ka wanke."

Ranar farko ya wanke. Washegari ma ya wanke, har da ɗankwali, don ruwan har kanta ya kai. Maƙwabta suka riƙa ganin Baba yana shanya zannuwa, babu wanda ya iya tambaya.

"A hankali! Wa ya biyo ka? Lallashinta za ka yi, ba faɗa kuke ba."

"Ina lallashi mana!"

"Haka kake lallashi? Lallai na yi haƙuri a gidan nan."

Sannu a hankali yatsan ya gano akwai duniya guda tsakanin sama da ƙasa. Ranar da suka zagaye filin, suka tsaya, suka sake tashi, ruwa bai ko girgiza ba, Maman yara ta ɗaga kwanon ta shanye abinta.

Ranar gwaji Ciyaman da kansa ya zauna gaba. Ya sa aka zaɓo masa direbobi masu jiki aka cusa a baya, aka danƙare but da buhunan siminti har bayan motar ya zauna. Baba ya cire takalmin dama ya ajiye ƙarƙashin kujera. Suka wuce gidan mai, bai ƙara wuta ba.

"Baba, ba za ka ɗauki gudu ba?" in ji wani daga baya.

Motar ta kama hawan tana tafiya kamar a kan tabarma. Daidai lanƙwasar nan, inda ƙasa ta yi baƙi da man da ya shekara yana zubarwa, Baba ya taka birki ya tsaya da gangan. Ciyaman ya yi ajiyar zuciya. Na baya har sun fara laluben ƙofa.

"Wanda ya buɗe min ƙofa a nan zan bar shi."

Ya saki birki, ya taɓa da yatsa. Ko taku ɗaya ba ta koma baya ba. Ta ɗauki siminti da ƙartin nan ta haye, ya sa giya ta biyu, ya sa ta uku, a kan hawa fa, har ya wuce wata sabuwar bas da ke nishi a gefe. Na baya suka ɓarke da ihu suna dukan rufi. Ciyaman ya dafe hula da hannu ɗaya.

"Baba, ya isa! Layinka ne! Sassauta, ina da iyali!"

Baba yana dariya, hawaye na bin furfurar gemunsa, ƙafar kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Yanzu in ka je tasha da safe za ka same shi a layi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Injin yana shan mai kamar an aiko shi, kuma Baba bai taɓa yin ƙorafi ba. Ƙara ɗaya ce aka kai shi ofis tun daga lokacin. Hajiya mai ƙwai ce, tsohuwar fasinjarsa, wadda ke sauka a garin da ke bayan hawan. Ashe duk shekarun nan tsayawar motar ce ke tashinta daga barci. Ran nan ba ta farka ba sai a tashar ƙarshe, da kiret ɗin ƙwai a cinya. Ta tsaya gaban Ciyaman tana tafa hannu.

"Ko girgiza babu! Mutum ya san ya iso ta yaya? A gaya masa ya mai da ni!"

Baba ya buɗe mata ƙofar gaba da kansa, ya mai da ita.