Ranar da Na Jero Matan Lungunmu a Waƙa

A unguwarmu ta Utaibiyya, a ƙasa mai tsarki, na fara waƙa, a bukukuwan matanmu, da ƙwarya biyu da muryar da na gado wajen kakata. Ni nake tsara abina, waƙar daka, waƙar girbi, alhali ban taɓa ganin gona ba sai a bakin tsofaffi. Shekarata sha tara, ga rawar kai.

Kowa ya san mawaƙi ba ya waƙa bai ambaci mutane ba. Ran nan a wajen wani suna, bayan la'asar, daɗi ya kwashe ni. Na dinga jero su: mai fura 'yar Katsina da ke bayan masallaci, mai ɗinki ta hawa na uku, gwaggona mai aikatau a unguwar Aziziyya, shekara ashirin rabonta da gida. Kowacce da sunanta da garinsu da ƙofar da take kwana. Aka yi ta guɗa. Ashe wata tana ɗauka a waya.

Bayan kwana uku na ji muryata tana fitowa daga shagon wani mai kayan miya a unguwar Zahir. Wallahi nan take na gane ɓarnar da na yi. Duk wadda na ambata ba ta da iƙama, takardar zama, ni ma haka. Da bakina na zana wa masu kame hanya, gida-gida.

Gwaggo ta same ni ina wanki. "Ke 'yar nan, wa ya aike ki? Shekara da shekaru muna raɓe-raɓe a jikin bango, kin ɗora mu a kan ƙwarya! Baki shi ke yanka wuya, ba ki sani ba?" 

Makon nan, mota na tsayawa a bakin lungu sai na leƙa ta taga. Abinci ya gagare ni. Mai ɗinki ta kwashe kekenta ta bar unguwar, ko sallama babu. Mai fura ta daina fita, ga 'ya'ya huɗu.

Ba a kama kowa ba, alhamdu lillahi, amma tsoron bai sake mu ba. Bayan wata biyu aka sake gayyatata biki. Na kifa ƙwarya a ruwa, na ɗaga murya, na juya wajen mahaifiyata zan yi mata kirari. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tana girgiza min kai a hankali. Na haɗiye sunanta. Har yau ban ƙara saka shi a waƙa ba.