Mayafina a Kan Idon Doki

Ina shekara ta biyu da fara aikin jinya a likitar Madarumfa aka kira mu hanyar Gabi da hantsi, wai kamiyo, babbar motar kaya, ya banke amalanken doki. Ni da direban ambilans muka je. Muka tarar da dokin kwance gefen hanya, ƙafar dattijon da ke tuƙa shi tana danne ƙarƙashin cikinsa, tumatir ya watse ko'ina.

Jama'a sun taru, kowa da irin nasa taimakon. Wani na kwara wa tsohon ruwa, biyu sun kama hammatarsa suna ja, wani ƙato kuma ya ɗaga bulala zai tsula wa dokin ya tashi. Haba! Dokin da ya firgita, kafin ya miƙe sai ya yi shure-shure ya murƙushe abin da ke ƙarƙashinsa. Ƙafar ta riga ta karye. Bulala ɗaya, sai dai a yanke ta a Maradi.

Na daka wa ƙaton tsawa: "Wallahi ka taɓa shi, sai na haɗa ka da jandarma!"

"Ke kuma mi kika sani ga doki?" in ji shi.

Gaskiya a makaranta ba a koya mana doki ba. Amma babana ya yi kiwonsa, kuma duk korar da yake yi mini daga turke, idona na kansa. Na san in aka rufe wa doki ido aka danne wuyansa, lafawa yake. Na roƙi rawani ko riga, kowa ya saki baki yana kallona. Sai na cire mayafina, ga maza cike da hanya. Na ji kunya, ba ƙarya, har wata tsohuwa ta yi salati. Na zagaya ta bayan kan dokin, nesa da kofato, na lulluɓe masa ido na durƙusa kan wuyansa. Na ƙudura ba mai tada ni.

"Kai mai bulala, aje ta ka samo hauya. Ba doki za mu ɗaga ba, ƙasa za ku tona."

Suka yi ta yashe rairayi ƙarƙashin ƙafar har ta samu hanya. Direba ya zare tsohon a hankali, muka ɗaure ƙafar da katako. Dokin kam bai sake tashi ba, a nan na bar mayafin.

Bayan kaka wani dattijo ya shigo likita yana ɗingishi, ya miƙo mini mayafina a wanke, a ninke.

Na ce, "Baba, wa ya kawo ka?"

Ya ce, "Ba kowa, ɗiyata. Doki ya tafi. Da ƙafata na zo."